Ranar da Baba Ya Zura Ni Rijiya

Ni fa ban shiga aji huɗu da niyyar zaɓar komai ba. Zangon farko duk tare aka haɗa mu, abin da aka zuba mana shi muka sha. Sai da muka dawo zango na biyu, sanyi ya fara sassautawa, shugaban makaranta ya tsaya a asembili ya ce mu 'yan kimiyya kowa zai ƙara darasi ɗaya a kan na dole: ko agirik, ko jogirafi, ko wani lissafi da ake cewa mai zurfi. Makarantarmu a Kankia take, kuma tana da wata al'ada da ban ji ana yi a wani wuri ba. Mako guda ake ba ɗalibai, kowa ya shiga ajin da ya ga dama ya ɗanɗana. Ranar Juma'a a raba takarda, ka rubuta abin da ka zaɓa, ka kai gida mahaifinka ya sa hannu, ranar Litinin ka dawo da ita. Abin da ka rubuta shi za ka ɗauka har jarrabawar fita, ko za ka yi kukan jini ba mai canza maka.

Siniyoyinmu sun riga sun gama mana zaɓen tun a gindin dalbejiya. Suka ce duk wanda ubansa ke da gona ya ɗauki agirik, maki ne a ɓagas. Jogirafi kuwa wai akwai wani karatun taswira a ciki da ke kada mutane kamar zazzaɓi. Shi lissafi mai zurfi ba wanda ya ɓata bakinsa a kansa, wanda muke yi ma bai bar mu mun sha ruwa ba. Don haka ranar Litinin na bi ayari zuwa agirik, hankalina kwance.

Malamin bai ko bari mun zauna ba. Ya buɗe sito ya raba mana fartanyu, ya ce mu je mu gyara kunyoyin lambun makaranta, wasu kuma su ɗebo taki. Jama'a! Na baro fartanya a ƙauyenmu can wajen Bauranya, na zo Kankia na tare a gidan gwaggona, ina wanke farar riga ina goge ta da dutsen guga na gawayi, duk don in tarar da fartanyar tana jirana a bayan aji? Na yi aikin ranar ina ƙunƙuni. Washegari da aka kaɗa ƙararrawa na ga an sake nufar sito, sai na sulale na faɗa ajin da ya fi kusa. Wallahi ɓuya na je yi, ban ma san ajin jogirafi ba ne sai da na zauna.

Ba mu cika benci uku ba. Malamin wani gajere ne mai sanƙo, mutumin wajen Filato, Hausarsa tana ɗan karkacewa, aljihun rigarsa cike da alli kala-kala har ya rine. Bai tambayi abin da ya kawo ni ba. Ya zana wani dogon abu a allo kamar ƙofa, ya juyo ya ce, “Yau ƙarƙashin ƙafafunku za mu shiga.”

Kafin in ci gaba sai na faɗi ko wane ne Babana. Haƙar rijiya ita ce sana'arsa, gado ya yi. Da damina manomi ne kamar kowa, da an kai amfani rumbu sai ya ɗauko diga da dagi da igiya, shi da ƙanensa da muke kira Baffa. Baba a ciki, Baffa a sama yana jan bokiti. Daga Kusada har ƙauyukan Kankia da wuya ka sha ruwa a gari uku ba ka sha na hannunsa ba. Amma shekarar da aka haife ni, shi da wani amininsa sun shiga yasar wata tsohuwar rijiya a wajen Yashe, mugunyar iska ta kama su a ciki. Aka fito da Baba bai san wanda ke kansa ba. Amininsa gawarsa aka fito da ita. Baba bai iya barin sana'ar ba, bakuna sun yi yawa a gida, sai dai ya rantse cikin 'ya'yansa ba wanda zai sa ƙafa a rijiya. Ko leƙa bakinta ka yi yana wurin, sai ka ji tafi a ƙeyarka. Saboda haka ni, ɗan mai haƙar rijiya, ban taɓa ganin cikinta ba. Abin da na sani kawai tulin ƙasar da Baffa ke zubarwa a gefe, tun ina ƙarami nake kai musu fura ina wasa a kai.

Malam ya ɗauki baƙi-baƙin alli ya cike saman ƙofar nan, siriri. Ya ce wannan ita ce ƙasar da muke nomawa, ita ke nan duka, 'yar wannan. A ƙarƙashinta ya shafa ja mai kauri. Sannan ya yi ɗige-ɗige masu duhu ya ce marmara. Haka tulin Baffa ke fitowa, baƙi a fara, sai ja, sai marmarar da ke sa Baba ya dawo gida kafaɗa a sage. Malam ya sa hannu a aljihu yana laluben wani allin, bakina ya riga hankalina.

“Farar laka ce ke biye, Malam.”

Ya tsaya da hannu a aljihu. Ya zaro, ashe farin alli ne a hannunsa. Ya ce, “Bayan ita fa?”

Na ce, “Ruɓaɓɓen dutse. Mai ƙyalƙyali, wanda ake murtsukewa da hannu. A nan ake samun idon ruwa.”

“Wa ya koya maka?”

Na san halin 'yan cikin gari. Da na ce Babana rijiya yake haƙawa, wani a baya ya ce, “Ashe ɗan mai shiga rami ne,” aka kwashe da dariya. Malam bai yi tsawa ba. Ya jira suka gama, ya ce, “Ni a littafi na ga wannan, sai kuma a gefen hanya inda aka yanka tudu. Baban wannan ya taɓa kowanne da hannunsa.”

Abin da ya faɗa bayan nan shi ya hana ni sukuni. Ya ce ruɓaɓɓen dutsen nan da dutsen da ke ƙarƙashinsa abu ɗaya ne, ruwan sama ne ya yi ta ratsa shi yana cinsa a hankali, shekarun da ba mai iya ƙirgawa, har ya yi laushi. Ya ce jar ƙasar ma da farar lakar duk daga jikin dutsen suka fito. Ni da nake zaton wani kogi ne ke gudu a ƙarƙashin ƙasa Baba ke hudawa, sai ya ce a'a, ruwan zaune yake tsakanin 'ya'yan ƙasa, kamar yadda yake zama cikin jiƙaƙƙen gero. Ya ce wani ruwan da za ka sha yau a Kusada, mai yiwuwa ya sauko daga sama tun ba a haifi kakanka ba, yana ta tafiya a ƙasa a hankali yana jiran gugarka. Ikon Allah! Na kalli daɓen ajin da ke ƙarƙashin takalmina. Shekara goma sha shida ina taka ƙasa ban taɓa tunanin tana da labari ba. A ƙarshe ya ce akwai masu karanta wannan har su iya tsayawa a saman ƙasa da na'ura da wayoyi su ce a haƙa nan, kuma a haƙa a samu.

Laraba da Alhamis ba ɓuya ta kai ni ba, ni na riga kowa zama. Ranar Juma'a aka ba mu takarda, ban ko fita daga ajin ba na rubuta jogirafi da biro, na danna sosai. Ko fensir ban yi tunanin amfani da shi ba, kun ji wautar yaro.

Asabar da safe na hau mota zuwa Kusada, na ƙarasa gida a ƙafa. Inna ta ce su Baba suna can bayan gari, wani dattijo mai shanu ya sa a haƙa masa rijiya kusa da rugarsu. Na tarar da Baffa a tsaye a kan gungumen da aka gitta a bakin ramin yana jan igiya. Yana hango ni ya ce, “A'a, ɗan boko! An kore ka ne?” Ban kula shi ba, tulin ƙasar nake kallo. Ga su nan a jere, baƙi, ja, marmara, fari, sai wani sabon tuli mai danshi yana ƙyalli a rana. Sai na ji kamar yau na fara ganinsu.

Da azahar ta yi Baba ya fito, jikinsa duk laka, idanunsa kaɗai ke fari. Bayan mun yi salla a gindin wani gawo na gaishe shi, na ciro littafina na buɗe masa zanen da na kwafa, har da kalolin, don na ari alli na shafa. Ya goge hannu a wando ya karɓa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa a kan baƙin, ya gangaro a hankali, a kan marmarar ya ɗan tsaya.

“Wa ya yi wannan?”

“Malaminmu ne, Baba. Ni na kwafa.”

“Shina shiga rijiya?”

“Bai taɓa ba.”

Ya kalli Baffa, Baffa ya kalle shi. Na ga mamakin a fuskarsa ƙarara, sai zumuɗi ya kwashe ni. Na shiga zuba: dutse yana ruɓewa, ruwa yana tafiya, masu na'ura suna nuna inda za a haƙa, kuma ni ma in na karanta wannan neman ruwa zan riƙa yi. Na miƙa masa takardar na ce hannu kawai zai sa.

Fuskarsa ta rufe nan take. Ya ajiye littafin a ƙasa.

“Mi ka ce? Neman ruwa?” Muryarsa ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi tsawa ban tsoro. “Na kai ka Kankia don in raba ka da rami, su kuma can rami suke koya maka? Ba ka ce akwai na noma ba? Ka ɗauki na noma. Noma a sama ake yi, mutum shina ganin gari.”

“Baba, ba shiga ake yi ba, daga sama…”

“Ubana ma daga sama ya fara da ni, da riƙon igiya.”

Ya tashi ya koma bakin aikinsa. Ni kuwa na naɗe takardata na koma gida. Inna ta saurare ni tana tankaɗe, ta ce in goge in rubuta abin da ya ce, uba ba abokin gardama ba ne. Na nuna mata biro ne. Ta ce, “To ai sai ka san yadda za ka yi, mai rawar kai.” Gaskiya na ji haushinsa ranar. Na ji haushin kaina ma, da na yi shiru na ce karatun taswira ne da tuni ya sa hannu. Amma na san ko an maida ni agirik, zanen nan ba zai fita daga kaina ba, shekara uku zan yi ina jan fartanya a bayan aji ina jiyo muryar gajeren malamin nan ta taga.

Lahadi da hantsi ina haɗa kayana Baba ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, “Ɗauko takardar taka mu tahi.” Na bi shi har bakin rijiyar. Ya kunna fitilar ƙwai da rana tsaka, ya ɗaure ta a igiya ya zura a hankali. Haka suke gwada iskar ciki, in fitila ta mutu mutum ba ya shiga. Muka tsaya muna jira. Ya jawo ta tana ci, ya sake zurawa, ya sake jawowa. Baffa ya ce, “Yaya, ai ta yi.” Baba ya ajiye fitilar. Ya juyo gare ni ya ce in tuɓe riga da takalmi.

Baffa ya saki baki. “Yaya, rantsuwar fa?”

“Na yi kaffara,” in ji Baba. “Gara ya gani da idonsa. Wanda bai shiga ba shi ke sha'awa.”

A nan na gane nufinsa: tsorata ni yake so ya yi, in fito da kaina in ce na fasa. Ya ɗaura mini igiya a ƙugu da hannunsa, ya ja ƙullin, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ya nuna mini 'yan ramukan da ya sassaƙa a jikin bangon, dama da hagu, inda ake sa ƙafa. Ya ce zurfinta gaba tara ne, kada in kalli ƙasa, in na ji kaina na juyawa in girgiza igiya. Na yi bisimilla na zura ƙafa.

Baƙar ƙasar kafin in ankara ta wuce, ko tsawon hannuna ba ta kai ba. Duk geron da muka taɓa ci, duk gyaɗar Kunduru da ake lodawa a mota, daga 'yar wannan suke fitowa? Sai ja ta kewaye ni, da saiwoyi sirara kamar gashi suna leƙowa. Na ga sawun dagin Baba a jikin bangon, sara bayan sara, ba iyaka, kowanne hannunsa ne ya yi. Marmarar ta kankare mini gwiwa. A nan iska ta canza, zafin rana ya yanke kamar an rufe ƙofa, wani sanyi mai ƙamshin sabuwar tukunya ya taso daga ƙasa. Kukan shanun rugar ya ɓace. Numfashina kaɗai nake ji, da ƙarar igiya a jikin gungume.

Farar lakar santsi gare ta, na shafa ta da tafin hannu. Daga nan bangon ya fara ƙyalƙyali, ɗan hasken da ke saukowa yana kama wasu ƙananan abubuwa a jikinsa, dubbai, ko'ina. Ƙafata ta taɓa ruwa, sanyinsa ya hau har kaina. Na tsaya, ruwan iya idon sawu. Na ɗaga kai. Sama duka, wadda na sani ba ta da iyaka, ta koma kamar faifai, ga kawuna biyu baƙaƙe a gefenta.

Tsoro kam na ji shi, ƙarya ne in ce ban ji ba. Amma sai na durƙusa na dafa bangon daga ƙasa, na ji yana motsi a ƙarƙashin hannuna. Ruwa ne ke tsattsafowa. Ba ta wata kafa ba, ta ko'ina, a hankali, yana taruwa tsakanin yatsuna yana gangarowa ta kan wuyan hannuna. Na ɓantari dutsen ya marmashe a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Dutse fa! Na ɗebi ruwan na kai baki. Ban san yaushe ya sauko daga sama ba, ban san inda ya bi ba, ba wanda ya taɓa ganinsa, ni ne farkon wanda ya sha. Na ce subhanallahi, na sake faɗa, muryata ta dawo mini daga bango. Hawaye suka zubo mini, kuma ba na tsoro ba ne. Ashe nan Baba ke wuni. Kullum da yamma yana dawowa ya zauna ya ci tuwo kamar kowa, bai taɓa ce mana ga abin da yake gani ba.

Ban san na daɗe ba. Sai na ji sunana yana saukowa daga sama, da wata murya da ban taɓa jin Baba da ita ba, a tsage, kamar ta mai kiran wanda ya yi nisa. Kafin in amsa igiya ta fizge ni. Ban hau da ƙafata ba, jawo ni suka yi su biyu, ina karo da bango. Ina isowa baki Baba ya cafki damtsena ya fito da ni, ya kama fuskata da hannu biyu yana duba idanuna.

“Kanka na juyawa? Mi ya sa ba ka amsa ba?”

Na ce, “Baba, yana fitowa ta ko'ina.” Na buɗe hannuna na nuna masa marmashin dutsen, ashe ban sake shi ba.

Ya kalli hannun, ya kalli fuskata, ya daɗe. Sai ya sake ni ya zauna a kan tulin jar ƙasa kamar wanda aka zare wa laka. Baffa ya ce, “To, Yaya, maganin naka bai ci ba.” Ba wanda ya yi dariya.

“Haka na hito ni ma ranar farko,” in ji Baba, ƙasa-ƙasa. “Kawo takardar.”

Baba bai yi boko ba, dangwale yake yi. Na wanke hannu na ciro biro, na kama babban yatsansa na dama na shiga goga masa tawada. Ya danna a inda na nuna masa. Da ya ɗaga, sai na ga tabo shuɗi kawai, sumul, babu zane ko ɗaya. Na ce tawadar ce ta yi yawa, mu gwada na hagu. Na goga kaɗan, ya danna a gefe. Shi ma haka. Na juya hannunsa na duba da kyau a rana. Yatsun goma duk sun shafe, fatar ta yi santsi da tauri kamar ƙotar dagi, ƙasa ta cinye zanen tas.

Na kasa ɗaga kai in kalle shi.

Ya zare hannunsa ya ce, “In malamin naka ya yi gardama ka ce masa nawa ne. Kuma ka tsaya ka koyo na tsayawa a sama ɗin nan da kyau. Kada ka dawo mini da rabi.”

Ya miƙe ya kwance igiyar daga ƙuguna ya ɗaura a nasa, ƙulli ɗaya, bai ko duba ba. Ya ce wa Baffa rana na yi. Ina tsaye da takarda a hannu ya zura ƙafa, kafaɗunsa suka shige, sannan kansa, Baffa ya ci gaba da sakin igiya.